Na Je Kumasi Koyon Ciyawa

Tun da na dawo daga Kumasi ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk teburin da na zauna a Wara sai wani ya jawo benci ya ce, "Malam Umaru, wai da gaske haki kat tahi koyo har Gana?" Haki dai, wato ciyawa. Na ba da labarin har na fara ƙara masa gishiri ban sani ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya.

Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare da ke bakin gari, kuma ni ke riƙe da wasanni saboda babu wanda ya yarda ya karɓa. Muna da filin ƙwallo ɗaya tak, a cikin ɗan kwari, ƙasarsa laka ce zalla. Da damina ta kankama sai ya zama tafki, kwaɗi su tare, yara su koma buga ƙwallo a bakin titi inda manyan motoci ke wucewa. Shekara uku a jere ni da bakina na ba da shawarar a zuba jar ƙasa a cike wurin. Aka yi ta zubawa. Jar ƙasar ta daskare kamar daɓe, ruwan ya matsa gefe ya ƙara zurfi. Wannan laifina ne, kuma duk garin an sani.

A taron iyayen yara na ƙarshen zango, shugabansu Alhaji Ɗantani, wanda fataucin shinkafa ne sana'arsa, ya miƙe ya ce, "Jama'a, hilin ga ya nuna muna abin da yaka so. Ruwa yaka so. A ba shi shinkahwa, makaranta ta samu abinci." Aka yi dariya, amma hannuwa suka tashi da yawa. Da ƙyar na roƙi a ba ni damina ɗaya. Aka yanke cewa idan ruwa ya sake kwana uku a filin, za a yi masa kunyoyi a dasa shinkafa, zancen ƙwallo da tsere ya ƙare. A wannan fili na koyi gudu ina yaro, don haka na fita daga taron raina a jagule.

Ana haka sai ƙanin mahaifiyata, Kawu Sahabi, da ke sayar da albasa a Kumasi, ya turo mini wani hoton bidiyo a waya. Wani makeken fili ne kore shar, ana tafka masa ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan bayan ɗan lokaci ga mutane suna takawa a kai da fararen takalma. Ya ce filin wasan golf ne, mai kula da ciyawar abokin cinikinsa ne, in ina so in zo in gani. Da na je yi wa Inna sallama sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kakanka goro ya kai shi ƙasar can. Kai ko haki. To Allah shi kiyaye hanya." Na cika gwangwanin madara da ƙasar filinmu, na ɗaure busasshen kifi na tsaraba, na kama hanya a hutun bazara.

A Yelwa aka haɗa ni da Mamman, direban babbar motar albasa, gajeren mutum mai muryar da ta fi shi girma. Ya ba ni kujerar gaba da sharaɗi ɗaya, kada in yi gyangyaɗi in ja shi. Muka bi ta Koko, muka ƙetare kogi wajen Bagudo, muka nufi iyakar Tsamiya. Ban taɓa sanin albasa tana shiga jikin mutum ba sai a tafiyar nan. Kwana biyu kacal rigata da hulata da tabarmar sallata duk suka koma ƙamshi ɗaya. Mamman ya ce in kwantar da hankalina, shi matarsa ta daina ji tun shekarar farko.

A iyaka takarduna lafiya lau, gwangwanin ne ya tsayar da mu. Wani jami'i ya buɗe, ya ga ƙasa, ya ji an ce daga ƙasar Yawuri nake, sai ya kira abokin aikinsa. Yankinmu ya yi suna da haƙar zinari, don haka ban ga laifinsu ba. Suka murza ƙasar a tafin hannu, suka ɗaga ta ga rana. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, Mamman ya ƙara da ɗan Faransancinsa na tasha, cewa ƙasar filin ƙwallo ce zan kai a duba mini ciwonta. Babban cikinsu ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya rufe gwangwanin da kansa ya miƙo mini, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Daga nan muka ratsa Kandi da Jugu, muka shiga Togo muka fita, muka faɗa Gana ta arewa. A Jugu muka kwana a gidan baƙin direbobi, ɗaki ɗaya mu bakwai. Da safe na ga abin da ya ba ni mamaki, mata ne a kan babura ko'ina, wata da buhu a baya da jariri goye, tana wuce mu kamar iska. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa fasa mini dasashi. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne, duk tashar da muka tsaya sai na ji Hausa, ko da ta karkace, kuma sai an sami mai cewa kakansa daga wajenmu ya fito.

Kawu Sahabi ya tarbe ni a Zango, unguwar Hausawa, ya sauke ni a ɗakin da ke bayan rumfarsa. Kwanan farko aka kawo mini sakwarar rogo da ayaba cikin miya ruwa-ruwa. Na kama taunawa kamar yadda Allah ya halicce ni, sai na ga yaran gidan suna rufe baki. Ashe haɗiye ta ake yi. Na gwada, ta tsaya mini a maƙoshi, hawaye ya zubo. Daga ranar na koma wa wake da shinkafarsu mai baƙin yaji, wadda na yarda ta fi tamu. Kifinsu dai ba zan yi ƙarya ba, wanda ya tashi a bakin babban tafki irin na garinmu ba zai yaba ba. Da na kwance nawa na tsaraba sai da maƙwabta suka leƙo.

Washegari Kawu ya kai ni filin, ya damƙa ni ga Baba Atinga. Dattijo ne dogo daga arewacin Gana, Kirista, Hausarsa ta Zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ya yi shekaru yana kula da ciyawar wurin har ya san kowane tudu da suna. Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. Mutum zai bugi 'yar farar ƙwallo da sanda, ya bi ta a ƙafa, ya sake bugu, har ta faɗa wani ɗan rami. Kowane rami yana tsakiyar wani dandali da suke kira girin, inda aka aske ciyawa ƙasa-ƙasa ta yi laushi kamar darduma. Na cire takalmina kafin in taka, Baba Atinga ya ce ba masallaci ba ne, amma ya ji daɗi.

Ba mu yi nisa ba na tafka ta farko. Muka iske wasu mutum huɗu, ɗaya ya sunkuya ya ɗaga sanda, sauran sun yi tsit. Ni kuwa a gidanmu ba a wuce mutum yana aiki ba a gaishe shi ba. Na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum, sannunku da aiki!" Mutumin ya zabura, ƙwallon ta yi gefe ta shige cikin itatuwa. Baba Atinga ya ja ni ta hannun riga muka bar wurin da sauri. Ya ce a nan in mutum zai buga, ko tari ba a yi. Na ce to wane irin wasa ne da ba ihu ba gaisuwa? Ya ce irin na masu hawan jini ne.

A rumfar kayan aiki na ba shi gwangwanina. Ya zuba ƙasar a kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza ya ajiye. Kafin azahar ta rabu. Yashi ya kwanta a ƙasa, bai kai kaurin yatsa ba, sauran duk laka, ruwan da ke sama kuma ya ƙi washewa. Ya ce, "Malam, wannan ƙasan tukunya ne. Me kuka yi masa?" Na faɗa masa zancen jar ƙasa, kaina a sunkuye. Bai yi dariya ba. Ya ce kowa da haka yake farawa, mutum ya ga rami sai ya ce a cike. Amma ruwa baƙo ne da ba a kora da tudu, hanya ake nuna masa. Na ce to in muka kwaɓa yashi cikin lakar fa? Ya tambaye ni da me muke yin tubali a garinmu. Nan na gane, ai laka da yashi ne ke zama tubali.

Sannan ya kai ni inda suke gina sabon girin, ƙasa a buɗe, na ga cikin abin da idona. A can ƙasa an haƙa 'yan ramuka dogaye, an shimfiɗa bututun roba mai huji-huji, babba ɗaya a tsakiya, ƙanana suna shigo masa a karkace ta dama da hagu. Na ce ai wannan ƙayar kifi ce. Ya ce haka ma suke kiranta. A kan bututun tsakuwa, a kan tsakuwa yashi mai kauri gauraye da ɗan ruɓaɓɓen taki, ciyawa a can sama. Ya ce abu uku zan riƙe. In fara nemo inda ruwan zai fita kafin in sa shebur a ƙasa. In haƙa daga mafitar in hauro, gangaren ya zama kaɗan amma kada ya yanke. Kuma in cike ramin da tsakuwa da yashi har sama, kada in kuskura in mayar da lakar da na fitar, don wanda ya yi haka ya binne bututunsa da rai.

Kwana na uku aka yi ruwa. Kowa ya ruga rumfa, ni ma na bi, sai na hangi dattijon nan ya fita da damin tsinkaye a hammata. Na bi shi don kunya. Muka yi ta yawo muna jiƙewa, duk inda ruwa ya tsaya sai ya soke tsinke, duk inda ya gudu sai ya bi shi da ido. Ya ce ranar ruwa ce kaɗai fili ke faɗin gaskiya. Na tuna shekarun da na yi ina kallon filinmu ta tagar ofis, ban taɓa sanin ta ina ruwan ke shigowa ba.

Babbar ɓarnar a kwana na biyar na yi ta. Akwai wani fegi a bayan rumfa inda suke renon ciyawa don dashe. Baba Atinga ya ba ni wuƙa ya ce in cire masa ciyawar banza daga kwami ɗaya, wato fangali, shi zai je duba injin ban ruwa. Na durƙusa na duba. Kiri-kiri ce ta cinye kwamin gaba ɗaya, ta miƙa jijiyoyi ko'ina. Duk manomin albasa a ƙasarmu ya san wannan annoba. Ka cire ta yau, ka bar gaɓa ɗaya, jibi ta dawo da 'yan'uwanta. Na ce a raina, yau dai zan nuna wa mutanen nan cewa ni ma na san wani abu. Na tuɓe riga. Na bi ta gaɓa-gaɓa yadda mahaifina ya koya mini, na tara ta tuli guda a gefe. 'Yan tsirarun aya-aya da na gani tsaye kore shar, na bar su, don na ɗauka su ne abin da ake reno.

Da ya dawo ya tsaya cak. Ya dubi kwamin, ya dubi tulin, ya dube ni ina share gumi ina jiran yabo. Ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Malam, ka kashe ni! Ka cire mai gida ka bar ɓarawo!"

Ban gane ba sai da ya ja ni zuwa girin mafi kusa, ya sa wuƙa ya yanko ɗan yanki ya juya mini ƙarƙashinsa. Ga jijiyoyin nan, ga gaɓoɓin nan. Dardumar da na cire wa takalmi, ashe dangin kiri-kiri ce, askin yau da gobe ne ya mayar da ita haka. Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Baba, wallahi a garinmu ƙona ta muke yi." Ya zauna a kan baro ya yi dariya har da tari. Ya ce abin da ya sa muke ƙinta shi ya sa suke sonta. Tana jure rana, tana jure taku, in aka ƙwaƙule ta sai ta rufe wurin da kanta.

Hukuncina shi ne in mayar da abin da na cire. Ya nuna mini yadda ake yayyanka ta tsawon yatsa, kowane yanki da gaɓa biyu ko uku, a watsa a kan jiƙaƙƙen yashi, a danna da ƙafa, a barbaɗa yashi sama-sama, a yi ta yayyafi har ta kama. Tulin da na cire daga kwami ɗaya sai ga shi ya dasa uku. Ina dasawa ina tunanin tarin da ke gefen kowace gonar albasa daga Wara har Shanga, wanda ake jira ya bushe a cinna masa wuta. Tun da na bar gida, ranar ce na fara jin filinmu zai tsira.

Sauran kwanakin na koyi ƙananan abubuwa. In ƙasa ta taushe a soka mata cokalin haƙa a yi huji, a share yashi ya shiga. Aski kaɗan-kaɗan a kai a kai, da kaifin ƙarfe. Na ce ba mu da injin aski. Ya ce tumaki ma sun iya in ƙasa ta bushe, amma shanu da babura kada su taka in tana jiƙe. Ranar da zan taho ya ƙi karɓar komai sai ragowar kifina. Ya riƙe hannuna ya ce in na ga ruwan ya fito, in kira shi ya ji.

Na dawo a motar Mamman, wannan karon da lodin goro, na iso gab da ruwan farko. Da hadari ya taso na fita da tsinkayena, malamai suna leƙe ta taga suna cewa Gana ta taɓa ni. A ranar na gano rabin ruwan daga rufin azuzuwa yake gangarowa, kuma akwai wani kwazazzabo a bayan katanga da ke zuba babban tafkin garinmu, ƙasa da filin da kusan tsayin ƙugu. Nan ne mafita. Na roƙi gayya a masallaci, abokin aikina Malam Yohanna ya roƙa a coci. Masunta suka kawo yashi a jirgi, aka tsinto tsakuwa, muka huda bututu da ƙusa mai zafi, wani magini ya auna mana gangare da tiyo mai ruwa a ciki. Muka fasa daɓen jar ƙasar nan tawa da diga, wanda ya fi komai yi mini daɗi. Da na bi gonaki ina roƙon kiri-kiri, wani tsoho ya ce in kwashe duka, in ina so ya ƙara mini da ƙaya. Alhaji Ɗantani bai zo gayyar ba. Yakan tsaya da babur a bakin hanya ya duba, ya wuce.

Ruwan gwaji ya zo a tsakiyar damina, ranar wata Laraba, tun hantsi har bayan azahar. Kafin ya tsagaita filin ya shafe, ciyawar da muka dasa ta nutse ba a ganin ko tsinke. Na zagaya bayan katanga na tsuguna a bakin bututun. Ɗigo kawai yake yi. Na ji tsoro ƙwarai, na fara shirya abin da zan faɗa wa mutanen da suka ba ni ƙarfinsu. Can sai ya yi wani gurnani, ya tofo laka, sannan ruwa ya ɓalle da kaurin cinyata. Na kira Baba Atinga, na kara wayar a bakin bututun. Ina jin ihunsa daga Kumasi.

Ranar Alhamis da la'asar ruwa ya janye, sai kusurwar gabas da bututunmu bai kai ba. Yara suka fito, maza da ƙwallo, 'yan mata suka ja layin tsere. Sai ga Alhaji Ɗantani cikin farar riga. Ya taka har tsakiyar fili, ya tattara rigarsa ya zauna daɓas a kan ciyawa, yara suka tsaya suna kallo. Ya jima a zaune, sannan ya miƙe ya juya mini baya.

"Malam, diba mani."

Na duba. Ban da 'yan ganyayyaki biyu babu komai a rigar, ko danshi, na kaɗe masa su.

Ya nuna kusurwar gabas da haɓa ya ce, "Waccan hwa da saura. Yaushe za mu gina ta?"

Na ce ranar Asabar, in Allah ya kai mu. Ya ce a ajiye masa shebur.